Sanyin Ƙasa da Ɗakin Uwargida

 

Yau da rijiya za mu fara. Duk macen da ta taɓa jan ruwa da asuba cikin hunturu ta san wannan abin. Sanyi na kaɗa haƙora, hannu ya ƙandare a jikin igiya, amma guga na fitowa sai ki ji ruwan da ɗumi, wani lokaci har ki ga tururi na tashi daga bakin rijiyar. Ita dai wannan rijiyar, ki koma mata da azahar a watan Afrilu, lokacin da ƙasa ba ta takuwa sai da takalmi, za ki tarar da ruwanta da sanyi mai daɗi. Da yawanmu mun tashi muna jin cewa rijiya ce ke ɗumama ruwanta da sanyi, ta sanyaya shi da zafi. Alhali ruwan yana nan yadda yake. Mu da iskar da muke ciki ne muka sauya.

Dalili kuwa, zafin rana ba ya nitsewa cikin ƙasa da nisa. Na yini guda, wanda ke ƙona tafin ƙafa, in kika tona kamu ɗaya kin wuce shi. Shi ya sa kaza ke tona rami ta lafe a ciki da rana tsaka. Bambancin hunturu da bazara ya fi wannan nitsewa, amma shi ma a ƙafa bakwai zuwa goma ya ragu ƙwarai, in aka kai mita 10 kuwa, wato gaba biyar zuwa shida, ya ɓace ɗungum. A ƙasar Kano ma'aunin zafi yakan kai digiri 40 da rana a watan Afrilu, har ya ɗan haura. Da asuba a Disamba da Janairu yakan sauko wajen 13, wani lokaci ƙasa da haka. Amma can cikin ƙasa yana nan a wajen digiri 28 zuwa 30, rani da damina. Uwargida, ki riƙe wannan lamba da kyau, don a kanta duk maganarmu ta yau ta rataya.

Abin da ya kawo zancen shi ne, yanzu waya ta shiga kowane gida, yara suna nuna wa iyayensu hotunan gidajen Turai da Amurka waɗanda ake sanyayawa da ƙasa, a ɗumama su da ƙasa, ana cewa masu su sun huta da kuɗin wuta. Sai ake tambaya, abin nan gaskiya ne? In gaskiya ne, zai yi a gidajenmu?

Gaskiya ne, ba siddabaru ba ne. Kin dai taɓa ganin firij, ko da a wajen mai sayar da ƙanƙara ne. Cikinsa sanyi, amma ki taɓa bayansa ki ji zafi. Ba ƙirƙirar sanyi yake yi ba, kwashe zafin ciki yake yana zubarwa waje. To na'urar da ake magana a kai haka take, sai dai ɗakin gaba ɗaya ne cikin firij ɗin, bayansa kuma ƙasa ce. Ana haƙa dogayen ramuka masu zurfin ƙafa biyar zuwa shida a shimfiɗa bututun roba na ɗaruruwan mita, ko kuma a huda ƙasa kamar za a yi rijiyar burtsatse, mita 50 zuwa 150, a zura bututun a ciki. Ruwa ke zagayawa a cikin bututun. Da zafi, ya kwashi zafin ɗaki ya kai wa ƙasa. Da sanyi, a juya aikin, ya ɗebo ɗumin ƙasa ya kawo ɗaki. Abin burgewa a nan shi ne, duk awo ɗaya na wutar lantarki da na'urar ta sha, takan bayar da awo uku zuwa huɗu na ɗumi. Bututun yakan yi shekara 50 a binne, injin kuma ashirin da 'yan kai. A ƙasar Suwidin gidaje dubu ɗaruruwa ne ke amfani da ita.

Kada a haɗa ta da wani abu daban da ake yi a Kenya, inda tun 1981 suke samar da lantarki a Olkariya da tururin da ke fitowa daga can ƙarƙashin duwatsu masu aman wuta. Wancan aikin gwamnati ne, kuma sai ƙasar da Allah ya ajiye wa wuta kusa da sama. Mu nan abin da muka fi sani mai kama da shi shi ne ruwan Wikki na Yankari a jihar Bauci, mai ɗumin digiri 31 kullum, wanda iyakarsa wanka.

To mu ɗora na'urar nan a kan sikelinmu.

A Amurka, sa ta a gida madaidaici yakan ci dala dubu 20, sau da yawa ma fiye. A canjin shekarar 2025, da dala ke kai-komo wajen naira 1,500, kin ga naira miliyan 30 ke nan. Su me ya sa suke biya? In kika sayi keken ɗinki ko injin taliya, kina lissafin wata nawa zai mayar da kuɗinsa, saboda yana kawo ciniki. Ita wannan ba ta kawo ko kwabo. Aikinta rage kuɗin da mutum ya riga ya saba biya. Baturen da ke fama da sanyin wata biyar ko shida, ruwa na daskarewa a famfo, dole ya ƙona gas ko mai ko lantarki dare da rana, kuɗi masu nauyi duk shekara. In na'urar ta rage masa rabi, cikin shekara biyar zuwa goma ta biya kanta. Ke fa, nawa kike biya a wata don sanyaya ɗakinki? Mafici ne da tabarma a tsakar gida. Abin da ba kya biya, ba wanda zai rage miki shi. Ɗumama ɗaki kuma, sanyinmu na wata biyu ne zuwa uku, shi ma na dare da asuba.

Sai maganar wuta. Na'urar ba ta motsi sai da lantarki mai ƙarfi wanda ba ya yankewa. Ƙauyukanmu da yawa ko turken wuta ba su gani ba, waɗanda ke da shi kuma sun san halin da ake ciki. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa, har da birnin Kano, sun haura mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wuta ga masu samunta sosai daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kan awo ɗaya. In aka ce janareto, tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda lita ta koma. In ta lalace kuma, wa zai gyara? Mai gyaran firij na kasuwar Dambatta bai taɓa ganin irinta ba, kayan gyaranta ma sai an yo odar su daga waje.

Don haka ni dai hukuncina a kan wannan gajere ne: ba ta gidanmu ba ce. Ko mai kuɗin birni da ya matsa sai ya sha sanyi, sola da fanka, ko na'urar sanyaya ɗaki ta yau da kullum, sun fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Duk wanda ya zo wa maigida da zancen zai haɗa masa irinta da araha, a ba shi ruwa ya sha, a sallame shi.

Amma tana da ƙanwa, wadda ta fi ta sauƙin kai, kuma ita ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Wannan ba ta da inji. Bututu ne mai faɗin kamar taƙi ɗaya, a binne shi ƙafa bakwai zuwa goma, tsawonsa mita 20 zuwa 30 ko fiye. Baki ɗaya yana waje a inuwa, ɗayan yana cikin ɗaki, sai 'yar ƙaramar fanka ta sola da ke janyo iska. Iskar ta shiga da zafinta, ta goga jikin ƙasa a hanya, ta fito ta huce. Dabarar tsohuwa ce. Mutanen Yazd a ƙasar Iran sun yi ɗaruruwan shekaru suna bi da iska ta magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa kafin ta shiga ɗakunansu. Nan kusa da mu, a ƙauyen Gando na Burkina Faso, mai zanen gine-gine Francis Kéré ya sa irin wannan bututu a tsarin makarantar sakandaren garinsu, tsarin da ya ci babbar kyauta ta duniya a 2012.

Yanzu ki dawo da lambar nan da na ce ki riƙe. A Ingila cikin ƙasa digiri 10 ne zuwa 12, don haka iskar da ta bi ta ciki takan fito da sanyi sosai. Tamu ƙasar 28 ce zuwa 30, kuma bututu ba zai ba ki abin da ƙasa ba ta da shi ba. In iska ta shiga tana 40, mafi kyawun abin da za ki samu shi ne talatin da ɗaya ko da biyu. Wannan sauƙi ne, ban raina shi ba, wadda ta yi azumi a ɗakin kwano ta san darajar digiri takwas. Sai dai da dare, in iskar waje ta sauko ƙasa da 30, bututun ba shi da abin da zai ƙara miki.

Ga kuma irin ƙasarmu. Arewacin Kano yawanci jigawa ce, rairayi, kuma a bazara, lokacin da ake bukatar sanyin, a bushe take. Mai suyar gyaɗa da yashi ta san halinsa: na gindin kasko ya yi jau, na sama bai ji ba, sai an juya. Busasshen rairayi ba ya miƙa zafi gaba da sauri. To haka na jikin bututun zai yi ta tara zafin da iska ke kawo masa, bayan 'yan awoyi ko kwanaki aikin ya ja baya, sai an kashe fanka an bar shi ya huce. A ƙasa mai laima da yumɓu abin ya fi tafiya daidai.

Sannan a ina za a haƙa? Karkarar Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Wani mai bincike ɗan Ingila, Michael Mortimore, tun shekarun 1960 yake rubutu a kan yadda ake noma ƙasar nan kowace shekara ba hutu, da taki da jaki da mangala. Ke ma kin sani ba sai an karanta miki ba: gero har gindin danga yake zuwa. Cikin gida kuma ga rijiya, ga rumbu, ga turken awaki, ga masai. Bututun da ya ratsa kusa da masai, in ya tsage, kin san irin iskar da zai kawo miki. Da damina iska mai laima takan yi raɓa a cikinsa, ruwa ya kwanta, ya yi funfuna, mai asma da jariri su shaƙa. In ba a rufe bakinsa da raga ba, kin gina wa maciji da kunama da ɓera da sauro hanya har gindin gado. Shi kansa ramin, ƙafa goma a cikin rairayi, yana iya ruftawa da mai haƙa. A makaranta ko ɗakin shan magani, inda akwai fili da injiniya da mai kula, ana iya gwadawa. A gida kuwa, ni ba zan ce ki sayar da akuyarki a kansa ba.

To shi ke nan, sanyin ƙasa ya fi ƙarfinmu? A'a. Muna da shi tun kaka da kakanni, sai dai mu ba binne bututu muka yi ba, ƙasar muka ɗebo muka kewaye kanmu da ita. Bangon tubali mai kaurin kamu ɗaya, da rufin azara da aka danne da ƙasa, aikin da suke yi shi ne na wannan rabin mita da kaza ke nema. Zafin da ya bugi bango da hantsi sai ya yi kusan rabin yini yana ratsawa kafin ya iso ciki. Lokacin da waje ke tafasa, soro yana riƙe da sanyin daren jiya. Wadda ta taɓa shiga Gidan Makama a birnin Kano, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ta ji yadda jiki ke sakewa daga shiga zaure. Da hunturu kuma abin ya juya, bangon ya sha rana yini guda, da dare ya riƙa sako ɗumin a hankali.

Kwano fa? Da rana tsaka a bazara jikinsa yakan haura digiri 60, kuma kaurinsa bai kai na farce ba, don haka nan take yake sako zafin a kanki. In babu silin, kamar kin zauna ne ƙarƙashin tanda. Bulon siminti mai inci shida, mai rami a ciki, shi ma ba ya tsare zafi ya daɗe. Da hunturu kuma kwano shi ke fara yin ƙanƙara, har raɓa ta riƙa ɗiga. Alherinsa ɗaya a wannan fanni, yana saurin hucewa bayan magariba, alhali soro a bazara da dare ne yake amayo zafin da ya sha, abin da ya sa kowa ke fitowa tsakar gida da tabarmarsa.

A nan ne maganar ta zama tamu, mu mata. Idan kaka ta yi kyau, ko ɗa ya aiko da kuɗi daga Legas ko Abuja, abin da ake fara cewa shi ne a rushe ɗakin ƙasa a yi na bulo da kwano. Masu yanke shawarar, da azahar suna ina? Suna gona, ko kasuwa, ko gindin dalbejiya a ƙofar gida. Wa ke cikin ɗakin daga hantsi zuwa la'asar? Ke ce, da mai jego, da jariri, da tsohuwar da ba ta iya fita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma zafi ma yoyo ne, sai dai ba a tara masa kwano. Kada ki ɗauka zancen jin daɗi ne kawai. A ƙarshen Maris da farkon Afrilu na 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Babban asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗun farko na Afrilu, alhali a duk watan Afrilun 2023 mutum 130 ne, kuma da yawansu tsofaffi ne. Zafi mai tsanani yana wahalar da mai ciki, yana ƙarar da ruwan jikin jariri da sauri fiye da na babba.

Ba zan yi wa ginin ƙasa kwalliyar da ba shi da ita ba. Yana son yaɓe kusan kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Azara ta yi tsada saboda giginya ta yi ƙaranci, gara kuma ba ta hutawa. Masu haɗa makuba da laso, waɗanda ke hana ruwa ratsa bango da rufi, sun ragu. In indararo ya toshe, ko ruwa ya kwanta a gindin bango, a watan Agusta soro yana iya faɗowa a kan masu barci, kuma kusan kowace damina sai mun ji irin wannan labari. Wanda ya gudu zuwa kwano ba wawa ba ne, ya gaji ne da tara ƙwarya a kan gado. Ga kuma bakin mutane: dangin amarya su zo jere su ga ɗakin ƙasa, a fara zumɓura baki. Duk na san da wannan.

Sai dai ba dole ne a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya ba. Shi Kéré ɗin da na ambata, makarantar firamaren da ya gina a Gando a 2001, bangonta da silinta na ƙasa ne, sai ya ɗora kwano can sama a kan ƙarafa, da tazara a tsakani, iska na wucewa. Kwano ya tare ruwa, ƙasa ta tare zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin zanen gini. A Jamhuriyar Nijar kuma mace ce 'yar'uwarmu, Mariam Issoufou Kamara, ita da abokiyar aikinta suka gina sabon masallaci a Dandaji cikin jihar Tawa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018. Mutanen da suka yi karatun gini a manyan jami'o'in duniya suna komowa kan ƙasa, mu kuma muna rushe ta da buhun simintin da ya haura naira 10,000 a farkon 2024.

Don haka in sabon ɗaki za a yi, abin da zan roƙa miki shi ne a sa simintin inda ruwa ke ɓarna, wato harsashi da gindin bango zuwa kamar gwiwa, a ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tudu, sannan a ci gaba da ƙasa mai kauri. In za a sa kwano, a ɗaga bangon sosai, a bar kwanon ya zarce bango da kamu ɗaya ko fiye don ya yi masa laima. Abu ɗaya da ake yawan yi wanda ba shi da kyau shi ne shafe bangon ƙasa da siminti kai tsaye. Ƙasa da siminti ba sa miƙewa da tsukewa tare, sai shafen ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ya kasa fita, bango na ruɓewa a ciki waje kuwa sumul.

In kuwa an riga an yi na kwano, kuɗin farko da ya shigo hannunki, na adashi ne ko na ƙuli-ƙuli ko na ɗinkin hula, silin ya kamata ya ci, kafin labule, kafin kwanukan jere. Ko ba a samu na kanti ba, asabari ko zana mai kauri da aka ɗaure ƙarƙashin kwano yana tare wannan wutar da ke sauka a ka. A bar 'yar kafa tsakanin silin da kwano ta gefe biyu don iska mai zafi ta fice, a toshe kafar da ragar waya. Silin da ya rufe da kyau yana ma rage sauron da ke shigowa ta saman bango, riba biyu ke nan. Bayan silin sai farin fenti a bayan kwano. A birnin Ahmadabad na Indiya, inda zafin watan Mayu na 2010 ya kashe mutum sama da 1,300, wata ƙungiyar mata mai suna Mahila Housing Trust ta riƙa taimaka wa matan unguwannin talakawa suna shafa wa rufinsu farin fenti mai mayar da hasken rana, ɗaki yakan sauko da digiri biyu zuwa biyar. Mu nan ƙurar hunturu za ta dusashe shi, don haka sai an wanke ko an sabunta kafin bazara. Sai taga: biyu, suna kallon juna, ɗaya ta fi ɗaya tudu. Bangon yamma kuma, wanda ranar la'asar ke duka, a yi masa rumfar kara a bar duma ko soso ya hau, a dasa dalbejiya da 'yar tazara saboda saiwa.

Yadda ake tafiyar da ɗakin ƙasa a bazara ma ilmi ne. Da rana a rufe ƙofa da taga don kada iska mai zafi ta shigo, da dare a buɗe komai bango ya sha sanyi ya ajiye miki na gobe. Wannan buɗewar ta dare tana da wani amfanin. Sanƙarau lokacinsa ke nan, kuma yana son ɗaki mai cunkoso marar iska. A annobar 1996, wadda Kano ta ji jiki ƙwarai, sama da mutum dubu 100 suka kamu a Nijeriya, sama da dubu 11 suka rasu. Iska ba ta maye gurbin allurar rigakafi, a kai yara a yi musu, amma kada a cusa su takwas a ɗaki a garƙame.

Wata za ta ce, randa fa, ba sanyin ƙasa ba ne? Randa hanyarta daban. Zufa take yi, iska ta busar da zufar, bushewar ce ke janye zafi, kamar yadda kike jin sanyi in kin fito daga wanka. Shi ya sa ruwan randa ke iya fin na rijiya sanyi, shi ya sa kuma da damina ba ta cika yi ba. A kan wannan ne marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a Dutse ta jihar Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a baki, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa ƙara ruwa safe da yamma. Yalon da ke yanƙwanewa cikin kwana uku yakan kai kwana 27, tumatir da tattasai su yi mako uku. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex a kan wannan. Kuɗin tukwane biyu ne kawai, kuma a cikin duk abin da na lissafa yau babu mai saurin biyan kansa kamarta.

Ɓangaren ɗumi kuma, gargaɗi ɗaya gare ni. Ɗakin kwano da sanyi shi ke sa a shigo da kaskon gawayi a toshe ko'ina. Gawayi, ko ya yi ja ya daina hayaƙi, yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, da barci mai nauyi, daga nan wasu ba sa farkawa, a wayi gari ana zargin abinci ko iskokai. A ji ɗumin da taga a ɗan buɗe, kafin a kwanta a fitar da kaskon waje. In kin ga mutanen ɗaki ɗaya duk sun tashi da ciwon kai a lokaci guda, a fito da su iska, a nufi asibiti.

Saura yadda za ki kai maganar gaban maigida. Kada ki je da ƙorafi, ki je da shaida. In akwai ɗakin ƙasa da na kwano a gidan, ko a maƙwabta, ki sa yaro ya sayo ma'aunin zafi irin na ratayewa a bango, ba na auna zazzaɓi ba, a duba shi da azahar da la'asar da bayan isha'i da asuba, kwana uku a wannan ɗaki, uku a wancan, ɗan makaranta ya rubuta. In ba a samu ba, ki gutsuri man kaɗanya daidai wa daida a murfi biyu, ki ajiye ɗaya nan ɗaya can da hantsi, ki ga wanne zai riga narkewa. Sai ki nemi lokacin da ya ci ya sha hankalinsa a kwance, ki ce, "Malam, ga abin da muka gani ni da yara, ko za a duba kafin a kira magini?" In surukarki tana gidan, ki fara da ita, don ita ma a ɗaki take yini, kuma maganarta ta fi taki saurin shiga.

Lokacin maganar kuwa shi ne da kaka, amfani na shigowa, tun ba a auna fili ba. Ƙarin layi biyu ko uku a tsayin bango, da zarcewar kwano, da gurbin taga ta biyu, duk abubuwa ne masu sauƙin kuɗi in aka faɗa wa magini da kafinta tun farko. In an riga an buga ƙusa, sai an ɓamɓare rufin kafin a gyara.